Wai Ɗan Karatun Gida Bai Iya Mutane Ba?

Kada ku murguɗa baki tukuna, ai ban fara ba. Da an ce ga mai karantar da 'ya'yansa a gida, sai ku ce, "Yaron zai tashi kamar mujiya, ko sallama ba zai iya ba." To Malam, kai da ka share shekara 12 kana goge benci, yaushe rabonka da leƙa maƙwabcinka?

A Amurka aka fi tafka wannan gardama. A 1977 wani tsohon malamin makaranta, John Holt, ya fara fitar da mujalla yana zuga iyaye su janye yara daga aji, zuwa 1993 kuwa jihohi 50 duka sun halatta abin. Da korona ta rufe makarantu a 2020, hukumar ƙidayarsu ta ce gidajen da suka rungumi tsarin sun tashi daga kashi 5.4 zuwa 11.1 cikin ɗari. Jamus ta ce a kai kasuwa, dole yaro ya je makaranta. Hujjarta irin taku ce: a aji ɗan attajiri ke goga kafaɗa da ɗan lebura.

Na ba ku wannan. Yaron da aka ƙwace wa kuɗin tara, monita ya rubuta shi cikin masu surutu alhali bai ce uffan ba, ya koyi haƙuri da ƙwatar kai. Uwa ba za ta koyar da wannan a falo ba.

Amma tsakaninku da Allah, gaisuwa da durƙusa wa manya a aji kuka koya? A ajin da yara suka yi maƙil, malam na ta "ku yi shiru" da bulala a hannu? A zaure kuka koya, da dandali, da gidan suna. Nana Asma'u ba ta taɓa sa yunifom ba, a gidan Shehu ta yi karatu, ga shi ta haɗa kan matan karkara a 'Yan Taru.

Ku kuma 'yan gidan get masu karantar da yara a gida, ku rage tafi. Ba'amurken da kuke kwaikwayo yana kai ɗansa ƙwallo da coci da haɗuwar yaran unguwa. Naku kuwa yana bayan katanga, daga maigadi sai waya. Wa zai tsokane shi, balle ya koyi sulhu? Ai zo mu zauna, zo mu saɓa. Kuma ku tuna dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9.

Ko a ina ɗanku yake karatu, gobe ku aike shi wurin mai kayan miya. In ya dawo da canji daidai har da gyara, ku shafa masa lafiya. In ya dawo yana kuka, ku da malaminsa ku raba laifin.