Wai faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi

Na san ku, 'yan "me ya shafe mu". Da zarar an ce Intel da AMD suna dambe sai ku taɓe baki: Turawa ne ke rigimarsu a Amurka, mu kwamfuta ta hannu muke saya, in ta kunnu ta buɗe WhatsApp shi ke nan. Madalla. To Malam, zauna mu yi lissafi, don kuɗinka na cikin abin da ake wa kokawar.

Shekaru kusan goma Intel ya yi yana sayar wa masu kwamfutar gida furosesa mai ƙwaya huɗu. Kowace shekara a sauya lamba, a ɗan ƙara gudu, a karɓi kuɗi. Ba don bai iya fin haka ba. Babu mai tsorata shi ne. AMD a lokacin numfashi kawai yake yi, har masana'antunsa ya rabu da su a 2009. Sai Lisa Su ta hau kujerar shugabancinsa a 2014, a 2017 kuma ta fito da Ryzen mai ƙwaya takwas. Kafin shekarar ta ƙare, Intel ya tuna cewa ashe yana iya ba talaka shida. Ikon Allah! Ilimin da aka shekara goma ana nema ya sauka cikin 'yan watanni.

Ana cikin haka Apple ya tattara nasa ya nasa ya bar Intel a 2020, ya ƙera furosesar M1 da kansa, TSMC na Taiwan ya buga masa. Kwamfuta ta wuni ba ta nemi caji ba. Kai da ke zagin masu wuta dare da rana, kana nan kana cewa babu ruwanka? Zuwa 2024 an cire Intel daga jerin Dow Jones, aka sa Nvidia a gurbinsa. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Ai duk bakinsu ɗaya." Kai kam ka kusa cin maki, ba don Lisa Su da Jensen Huang na Nvidia 'yan uwa ne ba, kodayake 'yan uwan ne. A ɓangaren RAM ne zarginka ke da ƙafa. Kamfanoni uku, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, su ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan kasuwa. Kuma an taɓa kama hannu a cikin tukunya: a 2005 Amurka ta ci Samsung tarar dala miliyan 300, Hynix miliyan 185, bisa haɗa baki wajen tsayar da farashi. Yanzu ma da masu ƙirƙirarriyar basira suka zo da buhunan kuɗi suna neman nau'in RAM da ake kira HBM, ukun nan sun karkata can, RAM ɗin da ni da kai muke saya ya yi tsada. Amma lura, ɗan'uwa: hujjata ka ƙarfafa. Inda aka yi faɗa na gaske ka samu ƙari, inda aka yi zumunci ka biya.

Saura kai mai shiga kasuwa da ƙirji a buɗe: "Core i7 nake so!" Wanne? Sunan nan tun 2008 ake liƙa shi. Sabon i3 yana iya barin tsohon i7 ɗinka a tasha, ga shi ka biya kuɗin sitika kana murmushi. Tambayi mai shago janareshan nawa ne, ka duba lambar da idonka. In AMD ya miƙo maka kuma kada ka ja da baya kamar ya ba ka jabu. Kuma kada ka raina maganar janareshan: Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuwa daga janareshan na 8 yake karɓar furosesar Intel.