Ofishin da Ba Shi da Ƙofa, da Mutanen Cikinsa

A shekarar 2017 kamfanin Automattic, masu WordPress.com, suka rufe ofishinsu na San Francisco saboda kusan babu mai zuwa. Shugaban kamfanin, Matt Mullenweg, ya ce mutum biyar ne kawai ke leƙa ƙaton wurin, sauran kowa na aiki daga gidansa. Kamfanin GitLab kuwa ma'aikatansa na warwatse a ƙasashe fiye da 60, kuma har ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a 2021 ba shi da ofis ko ɗaya. Masu tallata wannan tsari sun yi alkawarin cewa in aka rufe ofis, gulma da fadanci da neman gindin zama za su bi shi kabari. Ashe gini kawai aka rufe. Kowa ya naɗe halinsa ya tafi da shi gida, ya jona masa intanet.

Na farko a layi shi ne Malam Kore Shar. A manhajar Slack, inda yawancin waɗannan kamfanoni ke hira, akwai wani ɗan ɗigo kusa da sunan mutum. In yana kan kwamfuta ɗigon kore ne, in ya tashi sai ya dushe. To Malam ya gano cewa oga ya fi duba ɗigon nan fiye da aikin, don haka rayuwarsa duka hidimar ɗigo ce. Ƙarfe bakwai na safe zai aika "barkanmu da asuba, jama'a", ba don yana ƙaunar kowa ba, sai don a rubuta masa lokacin. Daga nan sai ya koma barci. Ya sayi wata 'yar na'ura mai motsa linzamin kwamfuta da kanta, saboda haka yana kasuwa ɗigonsa kore, yana ɗaurin aure ɗigonsa kore. Kada a ɗauka zolaya ce: a 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya kori ma'aikata fiye da goma sha biyu bisa zargin irin wannan aikin bogi. Abin da Malam bai lissafa ba shi ne, wahalar da yake sha wajen nuna yana aiki ta ninka wahalar aikin kansa.

Sai Fatalwa. Shekara biyu ana aiki da shi, babu wanda ya san ko yana da gemu. Kyamararsa kullum a kashe, hotonsa harufa biyu ne a cikin da'ira. In aka matsa masa sai ya ce netwok ba kyau, ko kyamarar ta lalace tun watan azumi. A taro ba ka jin ɗuriyarsa sai an zo rufewa, ya ce "babu ƙari daga wajena", kuma da wannan jimla ɗaya yake cin albashi. Da can ana yi masa uzuri, ana cewa kunya ce. Amma tun da kamfanin tsaron intanet na KnowBe4 ya faɗa da bakinsa a 2024 cewa ya ɗauki injiniya aiki, aka yi masa ganawa huɗu ta bidiyo, aka aika masa kwamfuta, sannan aka gano ɗan Koriya ta Arewa ne da ya saci sunan wani Ba'amurke, sai aka fara yi wa Fatalwa wani irin kallo.

Kishiyarsa ita ce Hajiya Kuna-Ji-Na. Za ta yi minti uku tana zuba bayani da ɗaga hannu, makirufo a kashe, mutum goma na yi mata nuni da kunne. Ranar da ya kamata ta kashe shi kuwa a buɗe yake, sai Berlin da Toronto su ji tana faɗa da mai kayan miya a kan kuɗin tattasai. Ba na ganin laifinta sosai. Ai a 2021 wani lauya a Texas ya bayyana gaban alƙali ta Zoom da fuskar kyanwa, ya kasa cire ta, har ya koma yana rantsuwa cewa shi mutum ne.

Sarkin Taro shi ne wanda abin da za a rubuta a layi biyu sai ya kira mutum tara a zauna awa guda. Yakan ce "minti biyar kacal". Minti biyar ɗinsa ba ta ƙarewa sai an sa ranar wani taron da za a tattauna abin da aka tattauna. In ka buɗe kalandarsa babu masaka tsinke, kuma yana alfahari da hakan. A tsohon ofis ana iya zille masa ta ƙofar baya. A nan babu ƙofar baya, kalandarka a buɗe take, duk inda ya ga fili zai dasa tuta.

Abokin gabarsa Ɗan Kundi ne, kuma shi ma ba sauƙi gare shi ba. GitLab na da kundin dokokin aiki da kowa zai iya karantawa a intanet, wanda in aka buga shi a takarda zai haura shafi 2,000, kuma ƙa'idarsu ita ce a fara rubuta abu a kundi kafin a yaɗa shi. Tsari ne mai kyau, don wanda ke barci a wani ɓangaren duniya in ya tashi zai tarar da komai a rubuce. Matsalar ita ce kamfanoni da yawa sun kwaikwaya, kuma kowane kundi yana haifar da hafizinsa. Ka ce masa, "Malam, don Allah yaya ake neman hutu?" Ba zai amsa ba. Adireshin shafi zai turo maka, ko sannu babu. Ka shiga shafin ya tura ka wani shafin, shi ma ya tura ka na uku, wanda aka rubuta a kansa cewa an daina amfani da shi. Ka dawo ka faɗa masa, sai ya ce to ai dama ce ta samu, ka gyara shafin da kanka. Ka zo neman hutun kwana uku, ka koma da aikin mako guda.

Wanda na fi tausaya wa shi ne Jemage, don shi namu ne. Tun bayan da kamfanin Andela, wanda ya fara a Legas a 2014, ya nuna cewa matashin Afirka zai iya rubuta manhaja wa kamfanin Amurka, yara da yawa a Kano da Kaduna da Jos suka shiga wannan hanya. Kamfanin da ya ɗauki Jemage ya ce masa yana iya aiki daga ko'ina, amma bai ce masa a kowane lokaci ba. Kalifoniya na bayan Najeriya da awa tara a lokacin sanyinsu, takwas a lokacin zafi. Taron ƙarfe biyu na rana a can, sha ɗaya na dare ne a nan. Oga na kurɓar kofi yana tambayar kowa yaya yininsa, Jemage na kashe sauro da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan makirufo don kada a ji janareton maƙwabci. Ya sayi inbata, ya sayi sola, yana da layin waya uku, ya ƙara da intanet ɗin Starlink tun da ta shigo ƙasar a 2023, duk don kada a ce ɗan Najeriya ya ɓace a tsakiyar taro. A unguwa kuma ba a yarda yana da sana'a ba. Mutumin da ke barci har azahar, ba ya fita, ga kuɗi na shigowa, ai kowa ya san sunan da ake kiransa da shi a bayan ido. Mahaifiyarsa ta gaji da yi wa dangi bayani. Da ya je neman aure, baffan yarinya ya ce, "To yaro, ina ofishin naku yake, mu aika a bincika?" Ya ce, "Baba, ai ba mu da ofis." Aka yi shiru. Sannan ga wani ƙarin gishiri: kamfanoni da dama, har da GitLab, suna yanka albashi gwargwadon garin da mutum yake zaune, don haka aiki iri ɗaya yake yi da na San Francisco, amma abin da ke shiga aljihunsu ba ɗaya ba.

Akwai kuma mai aiki biyu a ɓoye, wanda rayuwarsa ta zama irin ta mai mata biyu da ba su san da juna ba: kwamfuta biyu, kalanda biyu, kullum cikin addu'ar kada kwana ya haɗu. Ranar da taro biyu suka faɗo lokaci ɗaya, ranar netwok ɗinsa ke mutuwa.

Bafade kuwa bai rasa komai ba da aka rufe ofis. Da can jakar oga yake ɗauka, yanzu emoji yake ɗauka. Oga ya rubuta "barka da Litinin", kafin ka ƙifta ido ya manna wuta da tafi da roka da zuciya. In oga ya yi barkwancin da ba dariya, shi zai sa fuskar mai hawayen dariya har uku. Kuma abin haushin, ana ƙara masa girma.

Wannan ya kawo mu ga manya, don kowane irin ma'aikaci akwai ogan da ya rene shi. Malam Kore Shar ɗan cikin Oga Ɗan Sintiri ne, wanda ya amince da aiki daga gida a baki amma zuciyarsa ba ta amince ba. Ya sa manhajar da ke ɗaukar hoton allon kwamfutarka lokaci-lokaci, tana ƙirga sau nawa ka taɓa madannai. In ka yi minti goma ba ka amsa saƙo ba sai ya turo alamar tambaya ita kaɗai. Wanda ya zauna ya yi tunanin awa guda ya warware matsala, a lissafinsa malalaci ne. Wanda ya yi ta dannawa ba kai ba gindi, gwarzon wata.

Oga Iyali-Ɗaya ya fi daɗin baki. "Mu nan ba kamfani ba ne, iyali ne." Yana shirya wasan kacici-kacici ta Zoom ranar Juma'a da yamma, wai na ganin dama ne, amma yana rubuta sunan wanda bai zo ba. Yana aiko da riga da kofi masu tambarin kamfani. Ranar da masu zuba jari suka ɗaure fuska, sai ɗan iyali ya tashi da safe ya ga kwamfuta ta ƙi buɗewa. A Disambar 2021 shugaban kamfanin Better.com, Vishal Garg, ya tara ma'aikata kusan 900 a kiran Zoom ɗaya ya sallame su cikin 'yan mintuna, ana dab da Kirsimeti. A tsohon ofis ko ba komai za ka kwashe kayanka a kwali, abokan aiki su raka ka bakin ƙofa. A nan allo ne zai yi baƙi, ka waiga ka ga kana falonka.

Sai Oga Mai Wahayi, galibi shi ya kafa kamfanin. Yakan kwanta lafiya, ya tashi da doka. A Afrilun 2021 shugabannin kamfanin Basecamp, waɗanda har littafi suka rubuta kan aiki daga nesa, suka wallafa sanarwar hana hirar siyasa a dandalin aiki. Cikin 'yan kwanaki kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan suka karɓi kuɗin sallama. A Oktoban 2024, da rigima ta ɓarke tsakanin Automattic da kamfanin WP Engine, Mullenweg ya ce duk wanda bai gamsu da matsayinsa ba ya karɓi dala 30,000 ko albashin wata shida ya tafi, mutum 159 suka tafi. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Zoom da kansa, da ya ce a 2023 duk ma'aikacin da ke zaune cikin mil 50 daga ofis ya riƙa zuwa kwana biyu a mako.

A ƙasan duk wannan hayaniya akwai wata baiwar Allah da ba ta da laƙabi, don ba wanda ya lura da ita balle ya raɗa mata. Ba ta manna emoji, ba ta kiran taro. Ita ke gyara abin da ya lalace da tsakar dare, ta rubuta yadda ta gyara, ta koma barci. In ta yi hutun mako guda sai komai ya tsaya, sannan a fara tambayar wa ke yin wannan aikin da ma. Ogan kirki, kuma akwai su, ana gane shi ne da sanin sunanta: yana karanta aikin da aka gama, yana juya lokacin taro don yau Kalifoniya ta yi sammako gobe Kano ta yi dare, kuma in zai yanke hukunci yakan rubuta dalili inda kowa zai gani.

Don haka ɗan'uwa, in an kira ka ganawar irin wannan aiki, bayan an gama maganar dala, ka tambaye su abu uku: ƙarfe nawa ake taro a agogon garinku, da me ake auna aikin mutum, kuma wa aka ƙara wa girma bara, saboda me. In suka fara kame-kame a ta ukun, ka fara tara emoji tun yanzu.