Mun Sayar da Sa, Mun Sayo Mai Gyara Mana Fatiha

Mu dai mutanen Geceme akwai mu da kuka da kuɗin makaranta, kuma mu ne ba ma son ta araha. Yaro ya samu bak, wato shaidar gama sakandare, ga jami'ar gwamnati nan a Doso tun 2014, ga Abdu Mumuni a Yamai, sai ka ji uba a fada yana kurɓar shayi yana cewa, "Ni nawa ba zai je inda ake yajin aiki ba, inda ake salla kan lokaci za shi." Wanda ya faɗi haka kuwa, jiya sai da hantsi ya yi Asuba. Kada a tambaye ni yadda aka yi na sani, tare muka rama.

Daga nan lissafi ya tashi. Wani ya ce a kai shi Sayi, jami'ar da Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta buɗe a 1986. Wani ya ce a'a, jami'o'i masu zaman kansu na Faransanci da Larabci sun cika Yamai. Mai ido a Najeriya ya ce Al-Qalam ta Katsina, wadda aka kafa a 2005, tunda naira ta faɗi tun 2023, sefarmu ta yi baki. Shi bai tuna can da Ingilishi ake karatu ba, yaron kuwa shekara goma sha uku yana fama da Faransanci a lakkol.

Sai a kama sa a kai kasuwa. A bi shi da buhunan wake, a taɓa kuɗin gyaɗar uwar ɗaki, a buga wa ƙane da ke Kwatano waya. Kuɗin shiga daban, na ɗaki daban, na abinci daban, ga na mota, ga kwamfutar da aka ce ba karatu sai da ita. Muna biya muna tsaki, amma in aka tashi aurar da 'ya, fiye da haka muke narkewa cikin kwana uku a kan gado da kwanuka, ba wanda ya ce uffan.

Abin da muke saye ma ba ma faɗinsa da gaskiya. Da baki, tarbiyya da riba biyu, duniya da lahira. A zuci kuwa, so muke a wurin suna a ce, "Ku ba baban Ustaz kujera." Kuma ranar tafiya, bayan an yi wa yaro huɗubar tauhidi, sai kaka ta ja shi bayan rumbu ta cusa masa laya a ƙasan jaka. Arewa ce fa, ba a raba hanta da jini.

Hutun farko ake gane an sayi rariya. Ya dawo da farar jallabiya, ya zauna bayan mahaifinsa a Magariba, ana sallamewa ya ce, "Baba, akwai ɗan gyara a Fatiharku." Tsoho ya dube shi, ya dubi turken da san nan yake a da, ya yi shiru. Da dare muka ji shi ta katanga yana maimaita harafin a hankali, kada yara su ji.

Bayan shekara uku ko huɗu, takarda ta fito, aiki bai fito ba. Ustaz ya koma koyarwar kwantiragi yana jiran albashi, mu muna cewa an yi asarar sa. Amma gadon da ya hana gida biyu gaisawa, shi ya zauna da alƙalami ya raba, kowa ya tashi ba ƙorafi. Wata yarinyar da aka kai jami'ar ma ita ke karantar da matan unguwa da yamma.

Bana maƙwabcina, wanda ya fi kowa zagin tsadar, ya fara kiwata maraƙi. Ɗansa na ajin ƙarshe. Ni ma nawa maraƙin yana nan ɗaure, kada wanda ya zo aro.