Masu Neman "Mai Bakwai"

Duk mai shagon kwamfuta a Birnin Kebbi yana gane su tun daga sallama. Na farkonsu Alhaji ne, dillalin shinkafa. Bai san mene ne firosesa ba, amma an gaya masa Core i7 ta fi i5, i5 ta fi i3, shi kuwa bai saba da na ƙasa ba. "Yaro, miƙo mini mai bakwai ɗin." Ya biya, ko ragi bai nema ba. Aikin laftof ɗin duka lissafin buhuna ne a Excel, sai sauraron tafsiri da azumi. Sauran watanni tana hutawa cikin jaka a bayan mota.

Sai ɗalibin Kwalejin Waziri Umaru, wanda ya kwana a YouTube ya tashi injiniya. Ya samu i7 ta hannu da araha, ya fito yana murmushi, wai ya yi wa mai shago wayo. Bai tambayi janareshan ba. Tasa ta uku ce, haihuwar 2012, kuma sau da yawa i5 ta janareshan na takwas tana wuce ta a guje. Ga shi Windows 11 daga na takwas take farawa, Microsoft kuma ta janye hannu daga Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Lambar da ke manne a jikin laftof ya saya.

Akwai mai cewa a cire masa firosesar da ke ciki a sa babba, kamar ana sauya injin babur. Mai gyara ya yi bayani har maƙogwaro ya bushe: tun wajen 2015 firosesar yawancin laftof liƙe take da dalma a jikin babban allon ciki, sai dai a sauya allon gaba ɗaya, kuɗin kuma ya kusa na wata laftof. Mutumin ya gyaɗa kai, ya shiga shagon gaba ya maimaita tambayar.

Wanda na fi so shi ne mai shagon buga takardu a Argungu, wanda ɗaliban Kwalejin Adamu Augie ke yi wa layi lokacin furojet. Kwamfutarsa na rarrafe, ya rantse firosesa ce ta tsufa. Aka kwance ta, sai ga fanka ta toshe da ƙurar hunturu, har da ɓawon gyaɗa. Da rana kan tebur, da dare kan katifa, ga zafin Afrilu ya haura digiri 40. Firosesa in ta ji wuta da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Aka share ƙura, aka cire tsohon hadis aka sa SSD, aka kai RAM giga 8, ta miƙe garau. Maimakon godiya sai ya ɓata rai: gyaran bai yi tsada ba, anya zai yi ƙarko?

Na ƙarshe ba ya surutu. Shi ke ɗaukar bidiyon aure, da na masunta a Matan Fada in bikin kamun kifi ya zo. Yana danna haɗa bidiyo bayan isha'i, asuba ta yi bai kammala ba, dangin amarya na ta kira: "Malam, ina faifanmu?" Duk cikinsu shi ne aikinsa ke cin firosesa da gaske, kuma shi ne ke fama da tsohuwar i3. Wannan kam ko adashi ne ya shiga ya sayi babba, amma ya zaɓe ta tun ranar saye, don ba a ƙara ta daga baya.