Masu Kallo Don Ilimi da Sauran Bayin Allah

Har yau ban haɗu da wanda ya nemi Masters of Sex da bakinsa ba. Kowa tsintarsa ya yi. Wannan ya ce mai tura fina-finai ne ya cusa masa shi a filash, alhali shi fim ɗin yaƙi ya biya wa kuɗi. Wancan ya ce a kwamfutar abokinsa ya gani, ya buɗe ne don ya san abin da zai yi masa nasiha a kai. Amma ka ɗan ja su da hira, sai ka tarar kashi 46 ɗin nan babu wanda ya wuce su, kuma kowa ya fito da ra'ayi a hannu yana neman wanda zai ɗora wa. Tashar Showtime ta fara haska fim ɗin a watan Satumba na 2013, ta rufe shi a 2016 bayan zango huɗu. Masu sharhinsa kuwa har gobe ba su tashi daga aiki ba.

Shugabansu, wanda na fi so kuma na fi shan wahalarsa, shi ne mai kallo don ilimi. Ba ya jira a tambaye shi. Da an ambaci sunan fim ɗin zai ɗaga hannu kamar mai rantsuwa a kotu: "Ɗan'uwa, kada ka yi mini wata fassara. Ni wallahi ɓangaren binciken ne ya ja ni." Daga nan ya gyara zaman tabarau, ka shiga uku. Ya haddace alƙaluma tsaf. Mata 382 da maza 312 ne suka ba da kansu aka yi gwaji a kansu. Littafin farko, Human Sexual Response, ya fito a 1966. Zai bambance maka Alfred Kinsey na Jami'ar Indiana, wanda tambayoyi kawai ya yi wa dubban mutane ya rubuta abin da suka faɗa a littattafansa na 1948 da 1953, da su William Masters da Virginia Johnson na Jami'ar Washington da ke St. Louis, waɗanda suka ga baki yana iya shara ƙarya, don haka suka manna wa mutane wayoyi a ƙirji da ka suna auna bugun zuciya da numfashi. Duk gaskiya ne, kuma da a nan yake tsayawa da na ba shi satifiket.

Wurin bayanin matakai huɗun da suka ce jiki yana bi a lokacin saduwa, nan ake yin ta. Yakan fara da Hausa mai kyau, yana ƙirgawa da yatsu. A mataki na biyu Hausar ta ƙare, ya koma Turanci. A na uku Turancin ma ya gudu, ya koma tari. Na huɗun kuwa sai dai ya ce, "To, ka dai gane."

Yanayin kallon nasa ma abin kallo ne. Ƙofa a rufe, baya a jikin bango, hasken allo an rage shi kamar ana tsoron kuɗin wuta, abin sauraro a kunne ɗaya, ɗayan kunnen an bar shi yana gadin tsakar gida. Yatsa guda kuma yana kan maɓallin da zai fito da wata tsohuwar takardar lissafi da ya buɗe tun safe don irin wannan rana. Ka yi sallama, ya yi firgigit, sannan borin kunya ya tashi: "Shigo mana! Ai wani shirin likitanci nake dubawa." Abin da bai sani ba shi ne manhajar kallo tana riƙe inda aka tsaya. Na taɓa aron kwamfutarsa, na bi kashi-kashi ina dubawa, ban ga wanda aka tsaya a wurin da Masters yake gardamar kuɗin bincike da hukumar jami'a ba. Ka tambaye shi me ya sa aka kori likitan daga asibiti a ƙarshen zangon farko, sai ya ce lokacin an ɗauke wuta. Ba na ganin laifinsa sosai, don shi ma gogan fim ɗin da haka ya fara. A kashi na farko Michael Sheen, mai fitowa a matsayin Masters, da ɗan ƙullin wuyansa da fuskarsa ta marar dariya, yana tsugune a cikin kabad ɗin kaya a ɗakin karuwa, agogon awo a hannu, yana leƙe ta rami yana rubutu, kuma da za ka buɗe kabad ɗin abin da zai ce maka ke nan: don ilimi ne. Ni da na kalla domin kawai in rubuta wannan maƙala, ba a sa ni a lissafin nan.

Maƙwabcinsa shi ne mai tsinuwa. Wannan ana so ana kaiwa kasuwa. Kowane kashi sai ya ja "wa'iyazu billahi" ya fi a ƙirga, ya ce Turawa sun gama lalacewa, sannan ya danna na gaba don ya ga iyakar lalacewar. Gargaɗinsa ya fi kowace talla aiki: "Kada ka kuskura ka kalli na biyar ɗin nan, musamman wajen tsakiya." Yana da ƙane wanda bai taɓa kallon ko kashi ɗaya ba. Sunan ya gani, da hoton jirgin ƙasa yana shiga kogo a farkon buɗewa, ya rufe, kuma tun daga ranar yake ba da fatawa a kan fim ɗin da ƙarfin zuciyar da ko marubuciyarsa Michelle Ashford ba ta da shi.

Sai mai littafi. Ya ji cewa daga tarihin da Thomas Maier ya wallafa a 2009 aka ɗauko labarin, ya samo littafin, ya karanta abin da ya sawwaƙa, shi ke nan zaman lafiya ya ƙare. Kalmarsa ɗaya ce: "Ba haka aka yi ba." Kana cikin tausayin Barton Scully, babban jami'in jami'ar da ya shekara da shekaru yana ɓoye wa matarsa cewa ba mata ne a ransa ba, sai ya taɓa ka ya ce mutumin ƙirƙira ne. Yaran su Masters da Virginia suka fito, ya ce ai su ma masu fim ɗin daga zango na uku sun riƙa rubuta sanarwa cewa yaran nan na ƙage ne. Wannan duk da sauƙi. Mugun halinsa fasa ƙwai, kuma ba ya jin ya yi laifi, don a ganinsa tarihi ba ya da sirri. Kana zango na farko, zuciyarka na dukan uku-uku kana jiran ka ga ko Masters da Virginia za su daidaita, sai ya ce cikin hamma, "Ai sun yi aure a 1971, bayan shekara ashirin da 'yan kai ya sake ta ya koma wa budurwarsa ta ƙuruciya. Ya mutu a 2001, ita kuma a Yulin 2013, wata biyu kafin a fara haska fim ɗin. Miƙo mini gyaɗar nan."

Akwai ɗan gani-kashe-nin fim ɗin Mad Men, wanda duk abin da aka nuna an riga an yi shi a can kuma ya fi kyau: sigari, giyar ofis, matar gida mai farin gashi da baƙin ciki. Wannan ba a gardama da shi, a bar shi da Don Draper ɗinsa. Akwai 'yar ɗinki, baiwar Allah, wadda ba ta san ana wani bincike ba. Tsayar da fim take yi ta ɗauki hoton wuyan rigar Lizzy Caplan, mai fitowa a matsayin Virginia, ta aika wa telanta, tare da umarnin a ƙara tsawon hannu. Akwai sabon likita mai neman sanin makamar aiki, wanda yake gyara wa 'yan wasa riƙon almakashin tiyata. Akwai kuma mai dambe, wanda a fim ɗin gaba ɗaya kashi ɗaya ya sani, na uku a zango na biyu, wanda kusan dukkansa a ɗakin otal aka yi shi, Masters da Virginia suna wasan miji da mata da sunan aro, talabijin kuma tana nuna damben Archie Moore da Yvon Durelle na Disambar 1958. A wurina wannan kashi shi ne ƙololuwar fim ɗin, don a nan mutumin da ba ya buɗe cikinsa ya yi zancen dukan da mahaifinsa ya yi masa. A wurin mai dambe kuwa, mutum biyu ne suka tsaya a gaban talabijin suna surutu suka tare masa Moore, wanda aka kayar sau uku a turmin farko amma ya tashi ya gama da abokin karawarsa a turmi na 11.

Ƙungiyar Libby daban take, kuma ina shakkarta. Yawanci yayye ne da antoci, kuma ba sa kallo a ɓoye, a falo suke yi bayan an kora yara, rimot a hannun babbar cikinsu don tsallake abin da ya kamata a tsallake. Su ba ruwansu da wayoyi da alƙaluma. Tun ranar da suka gano cewa matsalar rashin haihuwar daga Likita Masters take, amma ya bar matarsa Libby tana zaryar asibiti ana yi mata allurai tana ganin laifin kanta, suka yanke masa hukunci, kuma babu ɗaukaka ƙara. "Kin gani ko, Yaya? Likitan mata fa! Namiji ba ɗan goyo ba ne." Da allo suke magana kai tsaye: "Libby, tashi ki bi shi otal ɗin nan, ke dai kin cika sanyi!" Da aka zo inda Libby ta wulaƙanta Coral, yarinya baƙar fata mai yi mata raino, ta tilasta mata wanke kai da maganin ƙwarƙwata, falon ya yi tsit, wata ta tashi duba tukunya. Da kuma Libby ta faɗa soyayya da yayan yarinyar, Robert, na zaci ƙungiya za ta rushe. Ina! Babbarsu ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Ba mu ce ta kyauta ba. Tura ce ta kai bango."

Mai cewa "zango na farko ne kawai fim" yana ko'ina. Hujjarsa goggon biri. A zango na uku an kai su Virginia gidan namun daji don su yi wa wani goggon biri da ya daina kula mata magani, kuma abin da ta yi a gaban kejin nan ba zan maimaita shi ba. Ya ce tun daga nan ya daina kallo, sannan ya ba ka labarin ƙarshen zango na huɗu dalla-dalla. A kan birin dai ina bayansa. Duk wanda ya kawo wannan shawara a ɗakin marubuta ya kamata a ce an ba shi hutu.

Duk waɗannan ina iya shan shayi da su. Wanda yake ɓata mini rai da gaske shi ne alƙalin Virginia. Ba ya tsinuwa, ba ya tari, a natse yake magana, ƙafa ɗaya kan ɗaya. A wurinsa labarin gajere ne: babban likita yana aikinsa, wata bazawara mai waƙa a gidan rawa ta shigo a matsayin sakatariya ta raba shi da matarsa. Sunayen da yake kiranta da su ba na takarda ba ne. Ka ce masa, Malam, wa ya kawo shawarar su biyun su shiga gwajin da kansu? Ba shi ba ne, mai gidanta a wurin aiki, wanda albashinta yake hannunsa, ita kuma tana da yara biyu ba ta da digiri? Sai ya ce, "Ai da ta ƙi." Ka tuna masa cewa tun a kashi na farko Betty, karuwar da ya ɓuya a kabad ɗinta, ta gaya wa likitan ba zai taɓa fahimtar mata ba sai ya sami mace abokiyar aiki, kuma Virginia ce ta iya yi wa mutane magana har suka yarda suka zo. Ka ce masa tsarin jinyar da ya yi musu suna, na mako biyu, inda mace da namiji suke zama da ma'aurata tare, a ɗauki matsalar a matsayin ta auren ba ta mutum ɗaya ba, da hannunta dumu-dumu a ciki, kuma shi ne ginshiƙin littafinsu na 1970, shekarar da mujallar Time ta sa su biyun a bangonta. Sai ya yi murmushi ya ce mata dai akwai iya shiga.

Shi ne ya yi dariya a wurin da Margaret Scully, matar Barton, bayan shekaru masu yawa da aure, ta je ba da kanta ga binciken, aka yi mata 'yan tambayoyi, ta gane a gaban baƙi cewa akwai abin da ba ta taɓa sani ba a aurenta, ta ɗauki jakarta ta fita. Allison Janney ta ci kyautar Emmy a 2014 da wannan rawa, shi kuwa abin da ya gani tsohuwa ce marar kunya. Labarin Likita Lillian DePaul, wadda take fafutukar a riƙa yi wa mata gwajin sankarar bakin mahaifa alhali sankarar tana cin ta, ya kira shi surutun mata ya tsallake. Abin da ya sa nake hasala shi ne na san muryar nan, kuma ba a gaban talabijin na fara jin ta ba. Ita ce take cewa matar ta je asibiti ita kaɗai, shi lafiyarsa ƙalau.

Na ce masa sunan mutum biyu ne a bangon littattafan nan. Ya ce na biyun mai buga tafireta ce. Yanzu idan na hango shi ya doso majalisa, sai in juya wajen mai dambe in ce, "Ranka ya daɗe, yaya ma aka yi a turmi na 11 ɗin nan?"