Nasiha Ga Ɗalibin Da Zai Karanta Muƙala A Gaban Malamai

Tun da yake ɗaliban nazarin addinin Musulunci na jami'o'inmu, daga Kano zuwa Zariya har Sakkwato, sun fara samun gurbi a tarurrukan ƙara wa juna sani, inda a da sai shehunan malamai kaɗai ke miƙewa su yi magana, ya wajaba a shimfiɗa musu ladubban wannan fage, don kada wani ya yi garaje ya faɗi abin da ya gano ƙarara, ya ɓata wa manya al'ada.

Sharaɗi na farko shi ne take. Kada ka yarda ya gaza layi uku, kuma lalle ya ƙunshi "tsokaci" da "mahanga" da "ƙalubale", domin taken da aka fahimta a karatu ɗaya alama ce ta ƙarancin zurfi.

Na biyu, idan shugaban zama ya ba ka minti goma, to ka sani bakwai hakkin gaisuwa ne. Ka fara da uban taro, ka bi shehunan malamai ɗaya ɗaya da laƙabinsu, ka gangaro kan daktoci, kada ka manta da mai kula da janareta, wanda a hakika rayuwar majiginka tana hannunsa. Daga nan sai muƙaddima, wadda ba ta inganta sai ta taso daga zuwan Shehu Magili Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta ratsa jihadin 1804, ta yi zango a wafatin Shehu Usmanu a 1817. Kafin ka iso ga tsohuwar takardar ajamin nan da ka share watanni kana warware rubutunta a Gidan Arewa na Kaduna, wadda ita ce dalilin zuwanka, ɗan guntun takarda zai iso gabanka ɗauke da "saura minti ɗaya", sai ka ce lokaci ya yi halinsa, ka tsira da sirrinka.

Na uku, ka yawaita ambaton littattafai, ko da bangonsu kaɗai ka sani, illa dai ka kiyaye abu guda: Infakul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, Liya'ut Tawili kuwa na baffansa Abdullahin Gwandu ne. Wanda ya musanya su, tarin dattawan sahun gaba kaɗai ya ishe shi hukunci.

Na huɗu shi ne lokacin tambayoyi. Wani babban malami zai karɓi lasifika ya ce tambayarsa gajera ce, sa'an nan ya karanta tasa muƙalar da ka, tsawon rubu'in sa'a. Kada ka nemi inda tambayar take, domin babu ita. Ka sunkuyar da kai, ka riƙa motsa alƙalami kamar mai rubutu, in ya numfasa ka ce, "Allah ya gafarta Malam, an ƙaru, za a gyara." In kuwa wani ɗalibi ɗan'uwanka ya jefo tambaya ta gaske, mai ƙashi, to "Wallahu a'alamu" garkuwa ce da ba a taɓa hudawa ba.

Daga ƙarshe, kada ka bar zauren sai ka karɓi takardar shaida, ka tsaya hoto kusa da mai babban rawani, ka kuma tabbata an rubuta sunanka a layin shinkafa, domin a nan ne kaɗai ake kiyaye lokaci.