Masu Koyon Kawo Sauyi, Ajin Asabar

Ajin digiri na biyu na ƙarshen mako, inda ake koyar da halayyar ma'aikata da dabarun kawo sauyi a ma'aikatu, matattara ce ta mutanen da ba sa yarda a sauya musu ko wurin ajiye mota. Ga darakta, ga 'yar banki, ga jami'in kwastam, ga ɗan kasuwan da ya gaji da gorin rashin boko.

Gwanina a cikinsu shi ne Yallaɓai Mun-Gani. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kujerarsa kuma guda ce, ta gaba, daidai saitin fanka. Farfesa na cikin bayanin matakai uku na Kurt Lewin, wato a narkar da tsohuwar al'adar aiki, a sauya ta, sannan a bar sabuwar ta daskare, sai ka ga hannu ya ɗago a hankali. Sai ya yi gyaran murya, ya gyara zaman hula, sannan ya ce, "Farfesa, da izininka. Shi wannan Lewin ɗin ya taɓa neman fayil a sakatariya?" Bawan Allah Lewin tun 1947 ya rasu a Amurka, ba shi da bakin kare kansa. Daga nan sai tarihi ya ɓalle. A 2005 aka mai da NEPA ta zama PHCN, a 2013 aka sayar wa 'yan kasuwa, "to, wutar fa?" Aka zo da tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007, aka tilasta asusun bai-ɗaya a 2015, duk a gabansa. Kowane sabon shugaba da kwamitinsa, in ji shi, kowane kwamiti da shayinsa da alawus ɗinsa, rahoton kuma yana can cikin durowa yana hira da gara. Abin da ke ƙona rai shi ne rabin maganarsa gaskiya ce, shi ya sa ko Farfesa ba ya iya katse shi.

Wata Asabar wani matashin lakcara ya sa aka jera kujeru a zagaye, wai don kowa ya ga fuskar kowa a lokacin muhawara. Yallaɓai ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da fulas ɗinsa, ya ƙare wa ɗakin kallo. Bai ɗaga murya ba. Ya dai ja mutum uku gefe, ya tuna musu cewa su ba 'yan firamare ba ne, ya aika shugaban aji wurin lakcara "a madadin dattawa". Kafin a kira Azahar kujeru sun koma layi. Da jarrabawa ta zo aka tambayi dalilan da ke sa ma'aikata bijire wa sauyi, shi ya fi kowa maki.

Hajiyar banki kuwa ta haddace matakai takwas na John Kotter, na littafinsa na 1996, amma a na farko ta yada zango: a sa mutane su ji abin na gaggawa ne. Ba na ganin laifinta. Tana sabuwar ɗauka aka yi haɗakar 2005, bankuna 89 suka koma 25, ta ga manajoji na kwashe kayansu a kwali. Tun daga nan komai gobara ne. Kuɗin hoton aji ma sai ta turo saƙon WhatsApp kafin a sallame Asuba.

Akwai Malam Zai-Fito. Tambayarsa ɗaya tun daga farkon zango: "Ranka ya daɗe, wannan zai fito?" Takardar kawai yake so, ƙarin girma na jiransa.

Sai sabon tuba, wanda ke kai darasi gida da zafinsa. Da aka koya masa rabe-raben McGregor, ya yanke hukunci cewa maigadi da masinja 'yan X ne, sai da tsawa, shi kaɗai ne ɗan Y a ofis. Da aka zo kan tsanin buƙatun Maslow, ya gaya wa uwargida cewa yawan maganar kuɗin cefane alama ce har yanzu tana matakin ƙasa. A daren nan shi ma a matakin ya kwana, da shayi ba madara.

Can baya akwai wani da ba ya rubuta lakca, halayen 'yan aji yake rubutawa, wai mujalla zai kai wa. Wannan mutumin kirki ne, a bar shi.

Wanda ba zan yi wa dariya ba shi ne Alhaji Sa-Sunana. Tun 1913 wani Bafaranshe, Ringelmann, ya nuna cewa in aka ƙara yawan masu jan igiya, ƙarfin da kowa ke sawa raguwa yake yi. Namu ko igiyar ba ya taɓawa. A raba jinga rukuni-rukuni, ba za ka gan shi a zama ko ɗaya ba. Ana gobe miƙawa sai direbansa ya iso da ƙullin kilishi da saƙo: "Oga ya ce a sa sunansa, Allah ya bar zumunci." Wadda ta yi aikin kuwa ma'aikaciyar jinya ce da ke zuwa aji daga aikin dare, ga goyo, a waya ta buga rabin aikin saboda ba wuta. Ranar gabatarwa sai ga shi cikin babbar riga yana ƙamshi, ya karɓe jawabin rufewa, ya nuna ta ya ce "ƙanwata ma ta taimaka", don bai san sunanta ba. Ranar Litinin wannan mutumin zai zauna a ofis ya sa hannu a takardar tuhumar wani ƙaramin ma'aikaci kan sakaci da aiki. Kundinsa na kammalawa a kan muhimmancin aiki tare yake, wani yaro a shagon buga takardu na bakin ƙofar makaranta ne ke rubuta masa babi na uku.